Tunawa da J Dilla, makaɗin da ya koya wa na'ura tafiya irin ta mutane

A wannan karon za mu tsallaka teku zuwa Amurka ne, domin mu tuna da wani bawan Allah wanda na tabbata duk mai sauraron waƙoƙin hip-hop a cikinku ya taɓa jin ƙamshin aikinsa, ko da kuwa bai san sunansa ba. Sunansa na asali James Dewitt Yancey, amma a duniyar kiɗa an san shi da Jay Dee, daga baya kuma J Dilla. Ya mutu ranar 10 ga Fabrairu, 2006, yana da shekara 32 kacal a duniya. Ba ya cikin taurarin nan da ake manna hotunansu a shagon aski ko a bayan babur. Amma ka tambayi manyan makaɗan Amurka wane ne gwaninsu, za ka sha mamakin yawan waɗanda za su ambace shi.

Kafin mu yi nisa, bari mu warware wata kalma. A harkar fim, in an ce furodusa, hankalinmu kan tafi ga mai kuɗi, wanda ya ɗauki nauyin shiri. A hip-hop abin ya sha bamban. Furodusa shi ne mai haɗa kiɗan da mawaƙi zai hau kai. Shi zai zaɓi ganga, ya zaɓi amon da zai bi ta, ya tsara inda za a tashi da inda za a sauka. Wato dai kusan matsayin mai fiyano ke nan a situdiyo, wanda za a yi waƙa ta zagaye gari, kowa ya haddace sunan mawaƙi da na jarumin da ya yi rawa, shi kuwa ko oho. To irin wannan aikin J Dilla ya yi, kuma irin wannan ƙaddarar ce ta bi shi tsawon rayuwarsa.

An haife shi ranar 7 ga Fabrairu, 1974, a birnin Detroit da ke Jihar Michigan. Masu kallon finafinan Amurka za su tuna da wannan birni a fim ɗin "8 Mile" na Eminem da ya fito a 2002, birnin masana'antun motoci wanda arziki ya juya wa baya. Detroit ce kuma mahaifar kamfanin kiɗa na Motown wanda Berry Gordy ya kafa a 1959, kamfanin da ya fito da su Stevie Wonder, Diana Ross, Marvin Gaye da Michael Jackson tun yana yaro tare da 'yan'uwansa. Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai wasu makaɗa da ake kira Funk Brothers waɗanda su ne suka kaɗa mafi yawan fitattun waƙoƙin kamfanin, amma aka shafe shekaru ba a rubuta sunayensu a bangon faifai, sai a 1971 da Marvin Gaye ya sa aka rubuta a kundinsa "What's Going On". Sai a 2002 aka yi fim na tarihi a kansu mai suna "Standing in the Shadows of Motown". Ka ga ke nan ɓoye makaɗi a bayan labule tsohuwar al'ada ce a garin da aka haifi Dilla.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifiyarsa Maureen, wadda duniya ta sani da laƙabin Ma Dukes, mawaƙiya ce da ta koyi waƙar opera. Mahaifinsa kuma makaɗin jita mai kaurin amo ne a kiɗan jazz. A unguwar Conant Gardens ya tashi, cikin gida mai cike da faya-fayan garmaho. Tun yana ɗan saurayi ya fara haɗa kiɗa da abin da yake da shi, wato rakoda mai cin kaset. Duk wanda ya yi zamanin kaset zai gane wahalar wannan aikin. Sai ka kunna faifai, ka ɗauki ɗan guntun wurin da ya yi maka daɗi, ka danna maɓallin dakatarwa, ka mayar da faifan baya, ka sake ɗaukar wannan wurin dai, ka sake dakatarwa. Haka za ka yi ta yi har guntun daƙiƙa huɗu ya zama kiɗan minti uku. Kuskure ɗaya, sai ka koma farko. A wannan makarantar ta haƙuri kunnensa ya goge.

A makarantar sakandare ta Pershing ya haɗu da abokansa biyu, T3 da Baatin, suka kafa ƙungiyar da ta zama Slum Village. A unguwar tasu kuma akwai wani makaɗin fiyano mai suna Amp Fiddler, wanda ke aiki da ƙungiyar George Clinton. Shi ne ya buɗe wa yaron ƙofar gidansa, ya nuna masa wata na'ura da ake kira MPC. Kamfanin Akai na Japan ne ya ƙera ta, bisa tsarin wani injiniya Ba'amurke mai suna Roger Linn, kuma samfurin farko ya fito a 1988. Akwati ce mai maɓallan roba guda 16. Kana iya ɗauko kowane irin sauti daga faifai, bugun ganga ne ko muryar mutum ko kukan ƙaho, ka ɗora shi a kan maɓalli, sannan ka riƙa bugawa da yatsu. Wannan ɗauko guntun tsohon kiɗa a gina sabo da shi, shi ake kira samful, kuma shi ne ƙashin bayan hip-hop na wancan zamani.

Amp Fiddler bai tsaya nan ba. A 1994, lokacin wani rangadin wasanni da ake kira Lollapalooza, ya haɗa shi da Q-Tip, jagoran ƙungiyar A Tribe Called Quest ta New York, wadda a lokacin tana kan ganiyarta. Q-Tip ya saurari kaset ɗin yaron Detroit, ya ji abin da bai saba ji ba, sai ya fara kunna wa abokan sana'a. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Aikin da ya fara fito da shi sarari shi ne na ƙungiyar The Pharcyde ta Los Angeles, a kundinsu na 1995. Waƙoƙi biyu suka yi fice, "Runnin'" da "Drop". A ta farko, Jay Dee ya ɗauko amon jita daga wani faifan 1963 na Stan Getz da Luiz Bonfá, ɗan ƙasar Birazil. Ta biyun kuwa masu sha'awar fim ya kamata su neme ta su kalla, domin Spike Jonze ne ya ba da umarnin bidiyonta. An ɗauki hoton mawaƙan suna tafiya da baya a kan titi, sannan aka juya fim ɗin, sai ka gan su suna tahowa gaba amma ruwa na tashi sama, tufafi na komawa jikinsu da kansu. Don bakinsu ya dace da waƙar, sai da suka haddace baitocin a juye. Wannan Spike Jonze ɗin shi ne daga baya ya yi "Being John Malkovich" a 1999, ya kuma ci kyautar Oscar ta rubutun labari da fim ɗin "Her" a 2014.

A 1996 ya haɗa wa De La Soul kiɗan "Stakes Is High", ya kuma yi wa Busta Rhymes aiki. To a nan ne matsalar suna ta kunno kai. Q-Tip da abokinsa Ali Shaheed Muhammad, waɗanda dukkansu Musulmi ne, sun kafa gungun masu haɗa kiɗa tare da Jay Dee, suka raɗa masa suna The Ummah, daga kalmar Larabcin nan da muke cewa al'umma. Manufar mai kyau ce: duk wanda ya yi aiki a cikinsu, sunan gungu za a rubuta, a ci tare a sha tare. Da wannan sunan aka fitar da kundin A Tribe Called Quest na 1996 da na 1998. Amma a zahiri, Q-Tip duniya ta sani. In mai saye ya duba bango ya ga The Ummah, Q-Tip zai zo masa a rai. Saurayin da ke can Detroit a ɗakin ƙasa na gidansu yana kwana a kan na'ura, ba wanda ya san fuskarsa. Abin haushi ma, wasu masoyan ƙungiyar da ba su ji daɗin sauyin salon ba, da suka gano akwai wani baƙo a ciki, sai suka ɗora masa laifi. Yabo na gungu, zargi nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To wai mene ne abin da ya yi wanda ya sa har yau ake maganarsa? Ku biyo ni a hankali, domin nan ne gundarin zancen.

Ita na'urar kiɗa ba ta san gajiya ko zumuɗi ba. Takan raba lokaci gida-gida daidai wa daida, kamar layukan littafin lissafi. In ka buga ganga da yatsa ka ɗan makara ko ka ɗan yi gaggawa, akwai wani tsari a cikinta da zai jawo bugun ya ajiye shi a gidan da ya fi kusa. Turawa na kiran wannan kwantayiz. Shi ya sa kiɗan na'ura yake fita tsaf, tak-tak-tak, kamar faretin soja. Mutum kuwa ba haka yake kiɗa ba. Ka saurari mai kalangu ko mai ganga a wurin biki, za ka ji wani bugun ya ɗan jinkirta, wani ya ɗan riga, kuma a cikin wannan ɗan jan da sakin ne daɗin yake, shi ke sa kafaɗa ta motsa.

Kafin Dilla, kiɗan zamani na Amurka hanya biyu yake bi. Akwai miƙaƙƙen bugu, inda tazarar ke daidai. Akwai kuma bugu mai rangaji irin na jazz, dogo da gajere, dogo da gajere, kamar sukuwar doki. Makaɗi kan zaɓi ɗaya ne. Shi Dilla sai ya haɗa su a waƙa ɗaya, a lokaci ɗaya. Ƙaramin farantin ƙarfe na tafiya a miƙe, ƙaramar ganga ta faɗo kafin lokacin da kunne ke jiran ta, babbar ganga ta zo a makare, jita mai kauri kuma tana jan ƙafa a baya. In ka ji da farko sai ka ce kiɗan zai tuntsure, amma ba ya faɗuwa. Kuma duk zagayen da ya dawo, a wurin nan dai zai sake yin tangaɗin, alamar da gangan aka yi.

An daɗe ana cewa sirrinsa kawai shi ne ya kashe wancan tsari na daidaita bugu, ya buga da hannu. Amma wani marubuci, Dan Charnas, wanda ya fitar da littafin tarihinsa mai suna "Dilla Time" a 2022, ya nuna abin ya wuce haka. Sau da yawa Dilla da na'urar yake amfani wajen matsar da bugu ɗaya-ɗaya, gaba kaɗan ko baya kaɗan, har sai ya zauna inda kunnensa ke so. Wato ya san dokar sarai, ya kuma san iya inda zai lanƙwasa ta ba tare da ta karye ba.

Questlove, mai gangar ƙungiyar The Roots, ya sha ba da labarin ranar da ya fara jin wannan bugu. Ya kwatanta shi da kiɗan ƙaramin yaron da ya bugu aka ba shi ganga. Amma maimakon ya yi dariya ya wuce, sai ya koma ya sake koyon kiɗa. Ka duba wannan al'amari da kyau. An ƙera na'ura don ta kwaikwayi mai ganga, sai ga ƙwararren mai ganga yana zaune yana kwaikwayon abin da wani ya yi da na'ura.

Daga ƙarshen shekarun 1990, wani gungun ya haɗu a situdiyon Electric Lady da ke New York, wanda Jimi Hendrix ya gina a 1970. Akwai Questlove, da D'Angelo, da mai fiyano James Poyser, da Jay Dee, sannan mawaƙa irin su Common da Erykah Badu. Su ake kira Soulquarians. A shekarar 2000 kaɗai, wannan zama ya haifar da kundaye uku da ake ji da su har gobe: "Voodoo" na D'Angelo, "Like Water for Chocolate" na Common, da "Mama's Gun" na Erykah Badu. Jay Dee ne ya haɗa kiɗan "The Light" ta Common da "Didn't Cha Know" ta Erykah Badu. A "Voodoo" kuwa, wanda ya ci kyautar Grammy a 2001, ba a rubuta shi a matsayin furodusa ba, amma waɗanda suka yi aikin da bakinsu sun faɗa cewa salon jan ƙafar da ke cikin kundin yana da alaƙa da abin da suke ji a kaset-kaset ɗinsa.

A nan akwai inda labarin ya taɓo Nijeriya. Kundin Common ya buɗe ne da waƙar girmamawa ga Fela Kuti, wadda ɗansa Femi Kuti ya sa hannu a ciki. Waƙar da ke biye mata kuma, mai suna "Heat", Jay Dee ya gina kiɗanta ne a kan "Asiko" ta Tony Allen, mutumin Legas wanda ya shafe shekaru yana kaɗa wa Fela ganga a ƙungiyar Africa 70, ya kuma mutu a Paris a 2020. Shi ma Tony Allen ɗin, in ka lura, makaɗi ne da ya daɗe a inuwar mai riƙe da makirufo kafin duniya ta ba shi girmansa. Kunnen Dilla ya san inda zinariya take.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Shi kansa samful ɗaukar gumin wani ne a yi sabon abu da shi, kuma shi ma yana da haƙƙi. Kiɗan "Didn't Cha Know" an ɗauko tushensa ne daga wani faifan shekarun 1970 na ƙungiyar Tarika Blue ba tare da an nemi izini tun farko ba, sai daga baya aka sasanta aka biya. Saboda haka maganar a ba mai haƙƙi haƙƙinsa takobi ce mai kaifi biyu, ta shafi wanda aka ɓoye sunansa, ta kuma shafi wanda aka ɗebi kiɗansa.

Ita ma ƙungiyarsa ta Slum Village ta sha nata jiran. Sun gama kundinsu "Fantastic, Vol. 2" tun wajen 1998, amma rikicin haɗewar kamfanoni ya sa bai fito ba sai 2000, bayan 'yan satar fasaha sun riga sun baza shi. A 2001 ya fitar da kundinsa na kansa, "Welcome 2 Detroit", ta hannun kamfanin BBE na Ingila, kuma a lokacin ne ya koma amfani da sunan J Dilla, don kada a riƙa rikita shi da Jermaine Dupri wanda shi ma ake kira J.D. Babban kamfanin MCA ya ɗauke shi, ya yi musu kundi, suka ajiye a kabad. Wannan aikin bai ga hasken rana ba sai a 2016, shekara goma bayan mutuwarsa, da sunan "The Diary". Da ya ga manyan kamfanoni ba su da tabbas, sai ya koma wa ƙanana. A 2003 shi da wani gwanin, Madlib, suka fitar da "Champion Sound" a kamfanin Stones Throw, kowa na yin waƙa a kan kiɗan ɗan'uwansa.

Ana cikin haka ciwo ya sallama. Likitoci sun gano yana da wata cutar jini da ba a cika samu ba, wadda ake taƙaita sunanta da TTP. Takan sa jini ya riƙa daskarewa ƙanana-ƙanana a cikin siraran jijiyoyi, har ya illata ƙoda da sauran sassan jiki. Ga kuma cutar lupus, wadda ke sa garkuwar jiki ta juya tana yaƙar jikin da ya kamata ta kare. A 2004 ya koma Los Angeles da zama, mahaifiyarsa ta biyo shi tana jinya. Ya yi ta shiga asibitin Cedars-Sinai yana fita, har ta kai ana yi masa wankin ƙoda. A ƙarshen 2005 ya yi rangadin wasanni a Turai, kuma a kan keken marasa lafiya ya riƙa hawa dandamali. A nan ne masoyansa da yawa suka fara gane cewa abin ya yi tsanani.

Ranar 7 ga Fabrairu, 2006, ranar da ya cika shekara 32, aka fitar da kundinsa "Donuts". Kwana uku bayan nan ya cika a gidansa. Allah Sarki, rai baƙon duniya.

Shi wannan kundi abin a tsaya a kansa ne. Kiɗa ne guda 31, mafi yawansu ba su kai minti biyu ba, kuma babu mawaƙin da ya hau kai. Muryoyin da ke ciki duk na tsofaffin faya-fayai ne, ya yanka su gunduwa-gunduwa ya sake jera su har suka faɗi abin da masu su ba su faɗa ba. Sunan kundin na wani abincin fulawa ne mai kama da fanke, zagayayye mai rami a tsakiya, kuma haka aka gina shi: ƙarshensa ya koma ya haɗe da farkonsa, in ka bar shi yana juyawa ba za ka san inda ya tsaya ba. Masu saurare da yawa suna jin sallama da ban-kwana a cikinsa, musamman a kiɗan da ya sa wa suna "Don't Cry". Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne a gadon asibiti ya haɗa shi duka, da ƙaramar na'ura da ɗan garmaho. Binciken Dan Charnas ya nuna cewa kundin ya faro ne a matsayin ɗan faifan gwaji da ya haɗa a gida, mutanen Stones Throw suka taimaka wajen tsawaita shi da tsara shi. Wannan bai rage komai daga darajar aikin ba, domin ko a gida ko a asibiti, mutum ne da jikinsa ke ƙarewa ya yi shi.

Bayan ya tafi sai yabo ya ɓarke. A watan Maris na 2006 aka saki fim ɗin "Dave Chappelle's Block Party" wanda Michel Gondry ya ba da umarni, mai ɗauke da wasan su Kanye West, Common, Erykah Badu da The Roots, aka kuma sadaukar da shi gare shi. A watan Agusta abokinsa Karriem Riggins ya ƙarasa kundin da ya bari bai gama ba, "The Shining". A 2009 wani makaɗi, Miguel Atwood-Ferguson, ya tara ƙungiyar makaɗa 60 da goge da ƙaho da sarewa a Los Angeles, suka kaɗa kiɗan Dilla don girmama mahaifiyarsa. A 2014 Ma Dukes ta miƙa na'urarsa MPC3000 da fiyanonsa na Moog ga gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Smithsonian da ke Washington, wanda aka buɗe a 2016. A 2023 kuma jaridar New York Times ta shirya fim na tarihi mai suna "The Legacy of J Dilla".

Salon nasa ya bazu inda shi bai taɓa zuwa ba. Makaɗan jazz irin su Robert Glasper sun ɗauke shi suka mayar kan fiyano da ganga na gaske. Flying Lotus da sa'o'insa a Los Angeles sun gina nasu a kai. Irin kiɗan nan mai sanyi da ɗalibai ke kunnawa a YouTube suna karatu, wanda ake kira lo-fi, ana danganta tushensa ga mutum biyu, Dilla da wani Bajapane mai suna Nujabes. Wani abin mamaki, rana ɗaya aka haife su, 7 ga Fabrairu, 1974, shi ma kuma a watan Fabrairu ya mutu, a haɗarin mota a Tokyo a 2010.

Amma fa yabo ba ya biyan kuɗin asibiti. Dilla ya mutu ya bar 'ya'ya mata biyu, da bashin jinya, da bashin haraji. An shafe shekaru ana taƙaddama tsakanin iyalinsa da masu kula da dukiyar da ya bari kan wa ke da ikon amfani da sunansa da kiɗansa. A daidai lokacin da matasa ke yawo da riguna masu ɗauke da sunansa a Landan da Tokyo, ana kuma kwafar kaset-kaset ɗinsa ana rabawa a intanet kyauta, iyalin nasa ba su ga abin da ya kai girman sunan ba. Wannan darasi ne ga duk matashin da ke zaune gaban kwamfuta ko fiyano yana haɗa wa wasu kiɗa. Zumunci daban, takarda daban. A rubuta sunanka a kan aikinka, a rubuta kasonka, tun ana dariya da juna.

Mu kuma masu saurare da kallo akwai namu. Yawancinmu da zarar an rubuta ƙarshen fim muke tashi, sunaye na hawa muna neman takalma. Waƙa kuma in ta yi daɗi, mawaƙi muke yi wa kirari. Ba laifi ba ne, amma a riƙa tambaya: wa ya yi kiɗan? Wanda duk ke son ya gane abin da muka yi ta bayani, ya nemi "Runnin'" ya kasa kunne ga babbar ganga kaɗai, ya ƙyale muryoyin. Daga nan ya saurari "Fantastic, Vol. 2", ya gwada tafa hannu tare da ƙaramar ganga, zai ji yadda take riga shi sauka. Sannan ya samu dare mai shiru ya saurari "Donuts" daga farko har ƙarshe, minti arba'in da 'yan kai ne, kada ya tsallake ko ɗaya.

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan tafiya tare da shi su ma sun bi shi: Baatin a 2009, Amp Fiddler a 2023, D'Angelo a 2025. Kiɗan dai yana nan, kuma yanzu kun san sunan mai shi.